Kansar Hanta da Magidantanmu: Daga Ina Abin Yake?

Malam Sani Zariya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga likitocinmu ce, amma kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ni kaɗai nake gani, ko kuwa mutuwa da ciwon hanta ta yi yawa? Sanarwar rasuwa in ta shigo, ka tambayi me ya same shi, sai a ce hanta. Kuma ba tsofaffi ba, magidanta ne 'yan talatin da wani abu zuwa arba'in da ɗoriya, masu ƙananan yara. Mutum yana cikin hidimarsa sai ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, kafin wata uku an yi jana'iza. Me ya canza?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Abin da muke ci ne Malam. Kakanninmu daddawa da man shanu suka sani, mu kuwa komai sai sinadarin ɗanɗano da lemon kwalba. Hanta ce ke tace wannan tarkacen, dole ta gaji.

Kwamared: Ku ƙara da fiya-fiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da ta samu a ciki. Wanda suka ƙi, mu muka cinye shi.

Maman Khalifa: A danginmu dai sammu aka ce. Maza biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ciwo iri ɗaya, ɗaya na bin ɗaya. Har yau akwai gidan da ba ma gaisawa da su saboda zargi.

Dakta Auwal: Allah ya jiƙansu da rahama. Maman Khalifa, da a asibiti kika ba ni wannan labarin, kafin ki rufe baki zan ce a kawo min sauran 'yan ɗakin, da mahaifiyarsu in tana raye, a gwada jininsu. 'Yan ɗaki ɗaya su tafi da kansar hanta a jere, abin da muka fi gani ke nan da ciwon hanta nau'in B.

Ga yadda yake. Ƙwayar cuta ce da ke shiga ta jini ko ta saduwa. Babba in ya kamu, fiye da 95 cikin 100 jikinsu kan kore ta ba tare da magani ba cikin wata shida. Jariri kuwa in ya ɗauka wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 ta zauna ke nan. Yaron da bai kai shekara biyar ba, kusan ɗaya cikin uku. Daga nan ba zazzaɓi, ba ciwo, ba komai. Shekara talatin tana cin hanta kamar gara a cikin azara, daga waje ɗaki lafiya lau. Wasu hantar kan yi tabo ta ƙandare sannan kansa ta biyo baya, wasu kuma ko tabon ba a yi ba kansar ke fita, domin ƙwayar tana cusa kanta cikin ƙwayoyin halittar hantar. Shi ya sa kuke ganin 'yan arba'in. Wanda ya ɗauka yana goye, lokacin da zai biya ke nan.

Hajiya, ban wanke lemon kwalba ba, kitse a hanta matsala ce da ke ƙaruwa, haka ma barasa. Amma a ƙasarmu babban mai laifin shi ne B.

Malam Sani Zariya: To Dakta, ƙaruwa take yi ko ido ne ya buɗe?

Dakta Auwal: Duka biyun. A duniya, ƙiyasin 2022 ya nuna sababbin masu kansar hanta kusan 866,000, waɗanda suka mutu kusan 758,000. Ku dubi yadda lambobin biyu suka kusa haɗuwa, ma'ana yawancin wanda ta kama ba ya tashi. Ita ce ta uku a kisa cikin dukkan nau'o'in kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B a 2022, ya kashe kusan miliyan 1.1 a shekarar, mafi yawa ta ƙandarewar hanta da kansa. In aka haɗa B da ciwon hanta nau'in C, mutuwar ta tashi daga miliyan 1.1 a 2019 zuwa miliyan 1.3 a 2022.

A gida, binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da B. Maza 10.3, mata 5.8. Wato namiji ɗaya cikin goma. Ku ƙirga mazan da ke wannan zauren.

Batun buɗewar ido kuma, da can ciki in ya kumbura a ƙauye wa zai yi masa sikanin? A binne, a ce ajali, ko a ce an yi masa jifa.

Baban Zara: Innalillahi. Ɗaya cikin goma fa ka ce.

Kwamared: Dakta, da girmamawa, ni ba na saurin haɗiye alƙaluman Turawa. Kullum sai su kawo lamba mai firgitarwa, bayanta kuma ga allura a hannu. Mu a Kano ba mu manta da 1996 ba, abin da kamfanin magani na Pfizer ya yi da yara lokacin sanƙarau. Wa ya tabbatar ma cewa ƙwayar ce ke kawo kansar? Ai ka ce da bakinka miliyoyi na ɗauke da ita, ga su nan suna yawo garau.

Dakta Auwal: Abin da ya faru a 1996 ya faru, ba zan kare shi ba. Amma wancan gwajin sabon magani ne, wannan kuma allurar rigakafin B ce da ake yi tun farkon shekarun 1980, an yi wa yara sama da biliyan. Kuma gaskiyarka, ba kowane mai ɗauke da ita ke yin kansa ba, mafi yawa ma ba sa yi. Amma a Taiwan an bi maza 22,707 ana lura da su, aka buga sakamakon a 1981: kusan duk waɗanda kansar hanta ta kama daga cikin masu ɗauke da ƙwayar suka fito. Daga nan Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984. Bayan shekara goma da 'yan kai, kansar hanta a yara 'yan 6 zuwa 14 ta ragu da kusan rabi. An cire ƙwayar, kansar ta ragu. Wace hujja ta fi wannan?

Nura (ɗalibi a Sin): Yaya Auwal bari in ƙara daga nan inda nake. Sin ce ke da fiye da kashi 40 cikin 100 na masu kansar hanta a duniya, kuma mafi yawa B ne. A 1992 kusan yaro ɗaya cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar yana ɗauke da ita. A 2014 ya koma 0.32 cikin 100. Ba wani siddabaru, mata ne suka koma haihuwa a asibiti, jariri kuma ba ya kwana sai an yi masa allurar. Amma asibitocinsu har yanzu cike suke da dattawa masu kansar, waɗanda aka haifa kafin allurar. A matasa ne ake ganin raguwar.

Anti Zee (Amurka): Mu nan akasin haka aka gani. Daga 2000 zuwa 2016 mutuwa da kansar hanta ta ƙaru da kashi 43 cikin 100, amma su nau'in C ne da ƙiba da giya suka fi ja. B ɗin an fi samunsa a baƙi, 'yan Asiya da mu 'yan Afirka. Likitana da ya ji inda aka haife ni, gwajin farko da ya rubuta ke nan.

Dakta Auwal: Maganar Nura ita ce amsar Malam Sani. Najeriya sai 2004 ta sa allurar cikin rigakafin yara, Gambiya tun 1990 ta sa. Duk wanda aka haifa kafin 2004, wato kusan kowa a zauren nan, ya tashi ba kariya. Mutuwar da kuke gani yau kamuwar shekarun 1980 ce. Ko yau aka yi wa kowane jariri allura, mu namu layin sai ya ci gaba da shekaru masu yawa, sai dai in an nemo masu ɗauke da ita an ɗora su a kan kulawa.

Sista Rabi: Dakta ka ce 2004 kamar an gama. Ni da nake ɗakin haihuwa in gaya muku abin da ke ƙasa. Allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta, ita ce ke tare abin da ya zo daga uwa. Sauran ukun suna cikin allurar nan mai haɗe biyar ta sati 6, 10 da 14. To mace ta haihu a ɗakinta daren Juma'a, ungozoma ta yanke cibi, an ɗora ruwan wanka. Ka ce a fito da jinjiri kafin suna, kakarsa ta ce ba a yi haka da ita ba. Bayan suna a ce sai mai jego ta yi arba'in. Ranar da suka zo mana yaro ya yi wata biyu.

Mu ma da namu. A ƙananan asibitoci da yawa rigakafi rana ɗaya ce ko biyu a sati. Kwalbar ta mutum goma ce, wata ma'aikaciyar ba ta son buɗewa saboda jariri ɗaya, ko mai makullin firij ya tashi. Sai a ce ku dawo Talata. Wani binciken na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ce kawai ake yi a asibiti a ƙasar nan, Arewa maso Yamma ko 20 ba ta kai ba. A Afirka gaba ɗaya jarirai 18 cikin 100 ne suka samu allurar ranar haihuwa a 2022.

Hajiya Binta: Sista kin taɓo ni. Ni kaina na hana a fita da jikata kafin suna, saboda iska.

Sista Rabi: Hajiya, a naɗe ta a zani, ubanta ya riƙo ta, minti goma ne. Uwar ma ba sai ta fito ba.

Issoufou Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu ma nan Nijar haka abin yake, sai ciki ya kumbura ake zuwa likita. Amma ku yi maganar wanzamai. Aska guda a yi wa yara biyar kaciya, a cire beli, a yi ƙaho da tsaga.

Ɗan Sarkin Aska: Na san za a zo kanmu. Malam Issoufou, gidanmu yau shekaru muna amfani da reza sabuwa, a gaban uban yaro ake ɓare ta. Me ya sa ba a maganar mai kemis da ke allura a bayan kanta, da mai yankan farce da ke zaga kasuwa da almakashi ɗaya tun safe, da masu aski na zamani?

Dakta Auwal: Duk ka faɗi gaskiya, kuma Allah ya saka wa gidanku. Amma ƙarfen cire beli da ƙahon fa? Su ba a sayo sabo kullum. Ƙwayar nan tana rayuwa a busasshen jini kwana bakwai ko fiye, goge ta da tsumma ko toka ba ya kashe ta. A Afirka ta Yamma yara da yawa ba ma daga uwa suke ɗauka ba, a tsakaninsu ne: ƙuraje, gyambo, reza ɗaya, buroshi ɗaya.

Ɗan Sarkin Aska: Ƙarfen muna dafa shi. Ban ce kowa na yi ba.

Alhaji Mai Hatsi: Ni ba likita ba ne, amma an taɓa kawo mana bita kan wata guba a gyaɗa da masara, aka ce tana taɓa hanta. In da gaske ne to akwai magana, don na san abin da muke yi. Manomi ya tuge gyaɗa ya shanya a ƙasa, hadari ya taso ya zuba a buhu da sauran danshi. In ta zo hannunmu sai a zauna a tsince. Mai kyau, fara tas, ta kamfani ce da masu fita da ita waje, don su suna gwadawa. Wadda ta motse, ta yi baƙi-baƙi ko kore, in ka tauna ka ji ɗaci, ba zubarwa ake ba. Ita ake sayar wa masu ƙuliƙuli da mai a kan araha. Ta koma cikin yaji, ta koma kunu.

Dakta Auwal: Alhaji ranka ya daɗe, ka faɗi abin da ni ba zan iya faɗa da kyau haka ba. Sunanta aflatoksin, fumfuna ce ke fitar da ita, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. Ita kaɗai tana kawo kansar hanta, in kuma ta haɗu da B a jiki ɗaya haɗarin yakan ninka kusan sau 30. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage ta.

Nura (ɗalibi a Sin): Akwai wani gari nan, Qidong, da ya yi suna da kansar hanta. Masara ce abincinsu. A shekarun 1980 suka koma shinkafa, mutuwar ta fara sauka tun kafin yaran da aka yi wa allura su girma.

Kwamared: Kun gani? Ashe dai abincin ne, kamar yadda ni da Hajiya muka ce.

Dakta Auwal: Kai wake ka ce Kwamared, wannan gyaɗa ce.

Baban Iman: Na daɗe ina karantawa ina shiru. Ni ina cikin ɗaya cikin goman. Wajen ba da jini aka gano. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne mutane. Aka ware min kofi a wajen aiki, wani in mun gaisa sai in ga yana goge hannu a riga, wai ta zufa ake ɗauka. Maganin da nake sha, tenofovir, yana cikin magungunan masu ƙanjamau, don haka juye shi nake a robar bitamin kada a ga kwalbar a fara surutu. Abin haushin, mai ƙanjamau kyauta yake karɓa, ni da kuɗina nake saya. Gwajin yawan ƙwayar a jini kuwa sai na yi tanadi kafin in yi shi.

Maman Khalifa: Allah ya ba ka lafiya Baban Iman, ya saka maka da wannan bayani.

Sista Rabi: Amin. Jama'a a ji da kyau: ba a ɗauka ta zufa, ko musabaha, ko cin abinci kwano ɗaya, ko cizon sauro. Uwa mai ɗauke da ita ma za ta shayar da ɗanta.

Baban Zara: Baban Iman, akwai wani mai maganin gargajiya da ke talla da lasifika, ya ce wata uku gwaji zai nuna babu. Maƙwabcina ya sha, kuma wallahi ya nuna babu.

Dakta Auwal: Na yarda ya nuna babu. Ka tuna na ce babba in ya kamu sabo, 95 cikin 100 suna warkewa da kansu cikin wata shida? Ko ruwan randa ya sha zai warke, sai mai lasifika ya karɓi yabo. Wanda tasa ta zauna tun yarinta kuwa, wajen ɗaya cikin ɗari ne a shekara take ɓacewa. Su ne ke shan jarka bayan jarka, su zo mana hanta ta ƙara lalacewa. Shi ya sa ba ma cewa ta zauna sai gwaji ya sake nunawa bayan wata shida.

Tenofovir da entecavir ba sa kawar da ita, danne ta suke yi, kuma hakan na rage haɗarin ƙandarewa da kansa sosai. Ba kowa ke buƙatar magani ba, likita ne zai duba, ko da yake a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan don mutane da yawa su shiga, har da wanda aka taɓa yin kansar hanta a danginsa. Wanda ya fara kada ya tsaya ba da izinin likita ba, ƙwayar kan taso da ƙarfi ta kayar da hanta. Sannan sikanin ciki duk wata shida ga masu haɗari. Ƙari in an kama shi yana ƙarami ana iya yanke shi. In an jira ciwo da kumburi, yawanci sai dai rage raɗaɗi.

Malama Hauwa: Tambayata kan aure ce. Tun 2024 Kano ta yi dokar gwaji kafin aure, har da na hanta. Na san auren da aka fasa ana saura sati biyu saboda amarya na da B. Daidai ne?

Sista Rabi: Malama, wannan fashin bai zama dole ba. A gwada angon, in ba shi da ita a yi masa allura uku cikin wata shida, shi ke nan ya samu kariya. In ta samu ciki a duba yawan ƙwayar, in ta yi yawa a ba ta magani a watannin ƙarshe, jariri kuma a yi masa allura ranar da ya faɗo.

Malama Hauwa: To ai ba a yi wa iyaye wannan bayanin. Takarda kawai ake miƙa musu. Kuma in namiji ne ke da ita sai a rufa, in mace ce gari ya ɗauka.

Kwamared: Nan kam ina tare da Malama. Doka ta ce a gwada, ba ta ce ga magani ba. Masar ta gwada mutum sama da miliyan 50 a kan nau'in C daga 2018, ta ba su magani kyauta. Mu kuwa a gaya wa talaka yana da ciwo a sallame shi. Wanda bai da kuɗin sikanin, me sanin zai ƙara masa ban da hawan jini?

Baban Iman: Zai ƙara masa Kwamared. Da na sani, matata ta yi allura, yarana uku an gwada an yi musu. Ƙanena ma an samu yana da ita, yanzu tare muke zuwa asibiti. Ko ban sha ƙwaya ɗaya ba, wannan ya isa.

Kwamared: Kai kana da albashi.

Baban Iman: Gwajin farkon ɗigon jini ne a yatsa, bai kai kuɗin datar da kake ƙonawa a zauren nan ba.

Malam Sani Zariya: To a tsaya haka kada a ɓata. Shawara: taronmu na bayan Sallah, Dakta da Sista su zo da kayan gwaji, a cire kuɗin daga asusun zaure, kowa ya zo da iyalinsa. Wa ya amince?

Alhaji Mai Hatsi: Na ɗauki nauyin mutum hamsin.

Baban Iman: Na amince da sharaɗi. Kada a kira sakamako a bainar jama'a, kada kuma a ce wane ka tsaya bayan taro, kowa zai gane. Kowa a ba shi ambulan iri ɗaya da lambar Dakta a ciki.

Dakta Auwal: Na karɓa. Sista, ki bincika mana kuɗin allurar manya, don wanda ya fita babu ya fara tasa a ranar. Ma'aji kuma ya turo min adadin mutane kafin Alhamis in san kwali nawa zan yi oda.

Ɗan Sarkin Aska: A sa ni da ƙannena huɗu. Mu da ke taɓa jini kullum ba a taɓa gwada mu ba.